Zauren Inna Malama: Wa Zan Bi a Jami'a?

Wasiƙun wannan wata kusan duk a kan zaman jami'a suka zo, tunda sababbin ɗalibai sun gama rajista sun fara gane inda suka sa kansu. Na zaɓi huɗu. Kamar kullum, ba na sa sunan kowa.

Assalamu alaikum Inna Malama. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Gwadabawa. Bana na samu gurbi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Tun da munka fara lakca hankalina bai kwanta ba. A ɗakinmu akwai wani ɗan Kaduna, kullum cikin ƙananan kaya da turare, Turanci a bakinsa ba gargada. Akwai wani ustazu da ban taɓa ganin haƙorinsa ba. Akwai wanda ake ce wa kwamared, ba ya zama ɗaki sai yawon taro. Ran nan na yi tambaya a aji, wasu suka yi dariyar yadda na furta wata kalma, tun daga ranar ban ƙara ɗaga hannu ba. Babana ya ce in kiyayi abokai. To Inna, wa zan bi cikinsu? Ko in zauna ni kaɗai har in ƙare?

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya sanya albarka, ya sa ka zama mabuɗin alheri ga ƙannenka.

Zama kai kaɗai dai cire shi daga ranka. Shekara huɗu ko biyar ba kwana huɗu ba ne, kuma karatun jami'a ba a yin sa da ka ɗaya. Za a canza lokacin lakca ba ka ji ba, za a sa ranar gwaji kana kwance da zazzaɓi, za ka rasa kuɗin handawut ana gobe jarrabawa. Wanda ba shi da kowa a irin wannan rana shi ke kwasar kariyoba, wato faɗuwa darasi a maimaita shi, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa. Maganar babanka gaskiya ce, amma kiyaye abokai ya ce, bai ce ka rasa su ba.

Abin da nake so ka yi shi ne ka jinkirta hukunci. Yanzu kowa sabo ne, kowa yana nuna fuskar da yake so a san shi da ita. Akwatin kowa cike yake da guzurin gida, aljihun kowa da ɗan nauyinsa, don haka kirki bai yi tsada ba tukuna. Bari zango ya raba tsakiya. Lokacin da gari ya koma ƙasan leda, man gyaɗa ya ƙare, iyaye suka ce a yi haƙuri sai an sayar da albasa ko sai albashi ya shigo, a nan za ka ga mutanen ɗakinku. Za ka ga wanda zai ɗora garau-garau a risho, ya sauke, ya ce "ku taso" ba tare da ya ƙirga hannuwa ba. Za ka ga wanda zai jira kowa ya tafi masallaci sannan ya buɗe tukunyarsa. Za ka ga wanda kullum hannunsa na cikin kwanon wasu amma ba a taɓa ganin kalar nasa ba. Wannan ba ya rataye a jikin tufafi ko tsawon gemu.

Zan ba ka misali daga ɗakinmu, lokacin da nake ɗaliba a nan. Akwai wata yarinya da ta tashi a Legas, iyayenta Hausawa ne amma Hausarta a karye take, ga jan baki ga dogon takalmi. 'Yan ɗaki suka sa ta a baki, ana cewa wannan ba za ta yi ƙarko ba. Cikin bazara, irin zafin Afrilun nan da ke sa ɗalibai su fito da tabarmi waje su kwana, wata 'yar ɗakinmu daga wajen Argungu ta kwanta da zazzaɓi mai tsanani. Wannan 'yar Legas ita ta ɗauki bokiti ta yi layin ruwa, ta jiƙa zanenta tana goga mata a jiki har gari ya waye, ita ta wanke abin da ta amayar, ita ta riƙe ta har asibitin makaranta. Da yarinyar ta ji sauƙi, ita ta zauna ta kwafe mata darussan da suka wuce ta da hannunta. Yau shekaru sun ja, 'ya'yansu suna kiran juna 'yan'uwa.

Saboda haka kada turaren ɗan Kaduna ya tsorata ka. Wasu 'yan gayun gidansu da hali, wasu kuma wando biyu ne suke juyawa da guga, suna ɓoye talaucin da ya fi naka. Ko wanne ne shi, yana da abin da kake buƙata. Ka same shi ku biyu, ka ce masa kai tsaye kana son ku riƙa hira da Turanci in kun dawo ɗaki, in ka yi kuskure ya gyara maka. Da wuya ka roƙi mutum ya koya maka abin da yake taƙama da shi ya ƙi. Kai ma kana da naka. Yaron da ya tashi a ƙauye ya iya tashin asuba, ya iya juriyar yunwa da rana, ya iya sarrafa kuɗi kaɗan su kai shi wata, kuma sau da yawa lissafinsa ko Larabcinsa ya fi na ɗan birni. Za a zo neman ka, ka jira ka gani.

Ustazun nan da ba ya dariya, ina kyautata zaton tsoron da ke cikinka shi ke cikinsa, ya rufe shi da ɗaure fuska. Ka gaishe shi, ku tafi masallaci tare. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa tun 1954, ta daɗe tana shirya wa sababbin ɗalibai darussan bita kyauta, inda na gaba da ku suke maimaita muku abin da malami ya wuce da sauri. Ka je, za ka ƙaru. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: jami'a matattarar fahimtoci ce, za ka haɗu da ɗan ɗariƙa da ɗan Izala da wanda ba ka taɓa jin irin nasa ba. Duk wanda ya fara koya maka raina iyayenka ko malaman garinku, ko ya ce kada ka gaisa da wane, ka ja jikinka a hankali. Wanda ilimi ya ratsa shi sauƙin kai yake ƙarawa.

Kwamared kuwa, ka riƙe shi da hannu biyu amma ka buɗe ido. Irinsu sun san kowane ofis, sun san takardar da ake cikewa don neman tallafin karatu na jiha ko bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara bayarwa a 2024, sun san ƙofar da ake bugawa in sunanka ya ɓace a jerin sakamako. A cikinsu akwai masu yi don Allah, waɗanda za su bar abincinsu su raka ɗalibin da ba su sani ba wurin shugaban sashe. Akwai kuma wanda tun yanzu yake koyon cin kuɗin ƙungiya. Ka lura da yadda yake magana a kan kuɗin da ba nasa ba. In ya ja ka taron ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku, je ka, can za ka samu 'yan gida da za su nuna maka hanya. In ya fara jan ka taro a lokacin lakca, ka ce masa kana da aji.

Akwai wasu da ba ka ambata ba domin ba su da hayaniya. Su ne masu cika Ɗakin Karatu na Abdullahi Fodiyo da rana, da dare kuma su ɗauki tocila da maganin sauro su tafi aji su kwana karatu. Akwai masu rubuce-rubuce, domin wannan jami'a ta yi suna wajen aikin jarida na ɗalibai, kuma ƙungiya irin Pen Press ta gyara alƙalamin yara da yawa da suka shigo suna jin kunyar Turancinsu. Akwai masu sana'a, mai gyaran waya, mai aski, mai ɗinkin hula, mai sayar da data. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma yaran da na ga sun fita daga cikinsa da mutuncinsu su ne waɗanda wani aboki ya koya musu abin yi. Ka samu ko mutum ɗaya daga irin waɗannan.

Waɗanda babanka yake nufi kuwa ba su da kama ɗaya, amma alamarsu ba ta ɓuya. Wanda ya miƙo maka ƙwaya ya ce tana sa karatu ya zauna. Wanda kake gani da kwalbar maganin tari ba ya tari, alhali gwamnati ta hana mai kodin tun 2018. Wanda ya nuna maka cacar ƙwallo a waya ya ce da ɗari biyu za ka ci dubu hamsin. Wanda ya ce ka zauna kusa da shi a jarrabawa ka buɗe takardarka. Wannan na ƙarshen shi ya fi zuwa da fuskar zumunci, kuma satar jarrabawa kora ce, mai bayarwa da mai karɓa. Irin waɗannan a gaisa, a wuce.

Batun dariya kuma, ɗana, gobe ka ɗaga hannu. Turanci ba harshen uban kowa ba ne a ajin nan, kowa koya ya yi, kuma rabin masu dariyar tambayar da ka yi tana cikinsu sun kasa yi. Ka zauna a layin gaba inda malami kaɗai kake gani.

Malama, ina gaisuwa. Ni magidanci ne a Mabera. Ɗiyata ta samu gurbin karatun kimiyya, uwarta na murna, ni kuwa gabana ke faɗuwa saboda abin da ake faɗi a kan 'yan matan jami'a. Na yanke shawarar ba za ta kwana a makaranta ba, kullum ta tafi ta dawo. Ita kuma ta ce wahalar za ta yi yawa. Mi kika gani?

Alhaji, ina amsawa, Allah ya raya mana su. Tsoronka na uba ne, kuma ban raina shi ba. Na gode da ba ka ce za ka hana ta ba, domin a garin da Nana Asma'u ɗiyar Shehu ta zauna ta tsara ƙungiyar mata ta 'yan taru, tana tura jajis, wato mata malamai, ƙauyuka su karantar da mata har ta rasu a 1864, ba mu da bakin cewa ilimin ɗiya mace baƙon abu ne. Kuma duk ranar da ka kai iyalinka asibitin koyarwa, likita mace kake fatan samu.

Amma a kan jeka-ka-dawo, ina bayan ɗiyarka. Mazaunin dindindin na jami'ar yana Dundaye ne, a ƙaramar hukumar Wamakko, sai an ƙetare gulbi. Mu da muka ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye gadar hanyar jami'a har aka koma ƙetarewa da kwalekwale aka dakatar da karatu, mun san wurin gari ne mai zaman kansa. Ka lissafa mata: daga Mabera ta hau kabu-kabu ko Keke zuwa inda ake shiga motar makaranta, ta yi layi, ta isa lakcar ƙarfe takwas. Mai karatun kimiyya tana da aikin ɗakin gwaji da kan kai yamma. Ta sake yin layi, ta iso gida bayan magariba a gajiye, ga aikin gida yana jiran ta. Yaushe za ta yi karatu? Kuma yarinyar da take kan hanya kullum, tana tsaye a bakin titi tana jiran abin hawa, ita ce mai mota yake tsayawa ya ce ta zo ya rage mata hanya. Wadda ke ɗakin kwanan ɗalibai mata tana cikin 'yan'uwanta, akwai masu kula da ƙofa, akwai lokacin rufewa.

Na koyar a makarantar 'yan mata shekaru masu yawa, na bi sawun ɗalibaina da suka wuce jami'a. Waɗanda na ga sun karkace, mafi yawansu abu biyu ne ya kai su: rashi, da rashin wanda za su faɗa wa. Yarinya ce za a ce a kawo kuɗin littafi ko na aikin gwaji, ta kira gida a yi mata faɗa a ce ta cika buƙata, sai ta daina kira. Ranar da ta daina kiran gida, akwai wanda yake jira ta kira shi. Don haka in ka bar ta ta zauna can, ka yanka mata abin da za ka iya duk wata, komai ƙanƙantarsa, ya zama ta san ranar zuwansa. Uwarta ta haɗa mata yaji da ƙuli-ƙuli da garin kunu da busasshen zogale. Ta riƙa zuwa gida ranar Juma'a ta koma Lahadi. Sannan ka ce ta zo da 'yan ɗakinsu su ci tuwo a gidanka, musamman waɗanda garinsu ke nesa. Uwarta za ta karance su a zama ɗaya, su kuma za su ji nauyin gidan da suka ci abinci a cikinsa.

Abin da ake faɗi a kan 'yan matan jami'a, akwai na gaskiya a ciki, ba zan rufe maka ba. Sai dai 'yan kaɗan ɗin nan su ake gani domin su ke yawo. Dubban da ke tsakanin aji da masallaci da ɗaki ba mai ba da labarinsu a majalisa.

Inna, 'yar ɗakinmu kullum sai na sauke tukunya take shigowa, kuma ba ta taɓa kawo ko ƙwayar Maggi ba. Ina jin kunyar hana ta, amma guzurina ba ya kai ni ƙarshen wata.

Ɗiyata, ki fara gano ko babu ce ko hali. Ki duba, tana sayen kati da kayan kwalliya? In babu ce, ki ce mata ku haɗa tukunya: ke shinkafa, ita ɗibar ruwa da wanke-wanke da zuwa kasuwa, ta ci da mutuncinta. Ki kuma sanar da 'yan ɗakin a asirce don nauyin ya rabu. In hali ne, ki faɗa mata da bakinki, ku biyu, cikin fara'a: "Kayana sun yi ƙasa, daga gobe sai dai mu yi karo-karo." Kada ki ɓoye tukunya, kada ki kai maganarta gaba wurin wasu.

Salamu alaikum Mama. Ni Bayarabe ne daga Ilori, ina aji uku. A nan na koyi Hausa, ki yi haƙuri da rubutuna. Abokaina Sakkwatawa suna da kirki, muna karatu tare, muna cin abinci tare. Amma shekara uku babu wanda ya taɓa ce mini in zo gidansu, alhali ni na tafi da biyu daga cikinsu Ilori lokacin hutu, mamata ta ba su ɗaki ta dafa musu. Ko a zuciyarsu ba su ɗauke ni aboki ba ne?

Wa'alaikumus salam ɗana. Hausarka ta yi kyau, kuma ka gaishe mini da mahaifiyarka, Allah ya saka mata.

Wasiƙarka ta taɓa ni, domin na san ba kai kaɗai ba ne. Tun da aka kafa wannan jami'a a 1975, ta fara karatu a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci da ɗalibai 93, ta tarayya ce, ta kowa da kowa. Yau in ka shiga aji za ka ji Yarabanci da Nufanci da Dakarci da Zabarmanci da Fulatanci da Ibo. Mutanen Kwara kuwa sun daɗe suna da yawa a cikinta. Kai ma ba baƙo ba ne can-can: masarautar Ilori tana cikin daular Usmaniyya, a ɓangaren da Gwandu ke kula da shi, kuma malamai sun daɗe suna kai da komo tsakanin garuruwan nan.

Ina ganin abokanka sun ɗauke ka aboki. Abin da ya shiga tsakani tsarin gidajenmu ne. A wurinku aboki yakan shiga har falo, uwa ta zauna ta yi hira da shi. A gidan Basakkwace na gargajiya, namiji baligi da ba muharrami ba iyakarsa zaure, ko da abokin ɗan gida ne tun na yarinta. Saurayin ma kansa sau da yawa ba shi da ɗaki a cikin gida, yana kwana a shago ne a ƙofar gida tare da ƙannensa da 'yan'uwa. To yaron da ya je gidanku aka ba shi ɗaki da gado, yana dawowa sai ya dubi shagonsu da tabarmarsa ya ce a ransa, ina zan sauke wannan? Kunya ce ta hana shi, irin kunyar da mu muke ɗauka ladabi, kai kuma ta zo maka kamar ƙi. Ga kuma kara: ba ya son ya gayyace ka ya ɗora maka nauyin zuwa, yana jira kai ka nuna kana so.

Duk da haka ba zan wanke su tas ba. Ku 'ya'yana Sakkwatawa da ke karanta wannan shafi, wanda uwarsa ta dafa muku ta ba ku makwanci yana da haƙƙi a kanku. Ba a ce sai kun kai shi ɗakin Inna ba. Ku shimfiɗa masa tabarma a zaure, a fito da fura da tuwo, Baba ya fito su gaisa, Inna ta aiko da gaisuwa daga ciki ko ta leƙo ta sa masa albarka. Ɗalibai nawa ne suke yin Sallah a makaranta su kaɗai saboda kuɗin mota, alhali gidajenku na nan cikin gari ana rabon nama? Wannan bai dace da mu ba.

Kai kuma ɗana, ka sauƙaƙa musu. Ka samu wanda kuka fi shaƙuwa ka ce, "Ina son in zo in gaida Baba ranar Juma'a." Gaida mahaifi ba a ƙin sa, kuma ka cire masa damuwar masauki tunda ya san gaisuwa ce ba kwana ba. Ka sa doguwar riga da hula, ka riƙe ɗan goro ko dabino. In kun isa ka tsaya a ƙofa ka yi sallama har a ce ka shigo, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka gaida dattijo, kada ka riga shi miƙa hannu. In an kawo abinci ka ci sosai, domin za a tambaya a ciki ko baƙon ya ci. Daga nan ka ce ya raka ka Hubbaren Shehu da fadar Sarkin Musulmi in ba ka taɓa zuwa ba, ku biya kasuwa ka sayi takalmin fata ka kai wa mama tsaraba. Ka rubuto mini yadda kuka yi.